Abin da Hannun Direba Ya Daina Ji

A garejin masu gyaran ƙafar mota, ko a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, kayan aikin da ake bazawa a kan buhu da safe ba su canza sosai ba: sifanu manya da ƙanana, guduma, ƙarfen banƙara, jak mai yoyon mai, da kututturen icen da ake tokare mota da shi. Abu guda ne ya sulale daga cikinsu ba sallama, wato famfon giris, wannan gwangwanin ƙarfe mai hannu da ɗan tiyo a baki, wanda a da shi ake fara damƙa wa sabon yaro ranar da aka kawo shi koyon aiki. Yanzu sai a wajen masu manyan motoci da tarakta ake ganinsa a kai a kai. A wajen masu ƙananan motoci kuwa, in an tambaya sai a aiki yaro ya aro a maƙwabta, ya dawo ya ce su ma sun daɗe rabonsu da nasu. Ɓacewarsa ita kaɗai ba abin kuka ba ce, tun da motocin da suka daina buƙatarsa ne suka kore shi. Sai dai ta zo tare da wani canji da ya fi ta nauyi, kuma an fi ganin canjin ranar da direban tsohuwar akori-kura ya shigo gareji yana yarfe hannu ya ce, "Oga, sitiyarin nan ya yi tauri." A da, amsar wannan magana tambaya ce, tambayar kuma ta haifi wata. A yau kafin direba ya rufe baki an ce masa famfon fawa ne, ya kawo kuɗin wani.

Kafin a gane abin da ya sauya sai an tuna irin motar da ta koyar da tsofaffin. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka kafa a 1972, ya fara fitar da motoci daga Kakuri a 1975, kuma akori-kurar Peugeot ƙirar 404, daga baya 504, ita ta riƙe kasuwannin ƙauye shekara da shekaru: buhunan gero da gyaɗa a ƙasa, awaki a tsakiya, fasinjoji a bisa, karen mota a maƙale a baya. Ita 404 ba ta da abin da ke taya direba murɗa sitiyari. Daga tafin hannunsa har taya ƙarfe ne ke tura ƙarfe: sandar sitiyari ta juya ɗan haƙori, haƙorin ya tura rak hagu ko dama, rak ya tura tayarod, tayarod ya karkata ƙafa. Don haka aka yi mata sitiyari mai faɗi, siriri, wanda rana ke gasawa har sai an naɗe shi da tsumma ko igiyar roba, aka kuma sa mata tayoyi marasa faɗi. Direbobin lokacin suna da ƙa'idojinsu. Ba a murɗa sitiyari mota tana tsaye cak, sai an bar ta ta gangara ko da taku ɗaya ne. Ba a zura babban yatsa cikin da'irar sitiyari a hanyar birji, domin in taya ta faɗa rami sitiyarin na iya fizgewa ya targaɗa shi. Tafin hannunsu duk kanta. Amma hannun nan mai kanta shi ne ma'auni. Mutumin da ke riƙe da sitiyari ɗaya daga asuba zuwa isha'i ya san nauyinsa, kuma in ya ƙaru ko yaya, kafaɗarsa za ta ba shi labari tun gyaran bai wuce na cokalin giris ba.

Ranar giris kuwa sananniya ce. A hau da mota kan rami, ko a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, yaro ya bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ya goge ɗan kan da ake ɗurawa ta cikinsa, ya manna bakin famfo, ya yi ta matsawa har sai tsohon giris baƙi ƙirin ya ɓullo ta gefen roba, sabo mai ruwan zuma na biye da shi. Warinsa ba ya barin riga, na ƙarƙashin farce kuma sai wankan Juma'a. An ɗauki aikin a matsayin shayar da ƙarfe kawai, alhali rabinsa dubawa ne. Gaɓar da ta ƙi karɓar giris ta faɗi cewa na ciki ya daskare. Wadda ta fara fito da jan ruwa kafin giris ta faɗi cewa damina ta shiga, tsatsa ta kama aiki. Wadda girisin ya tsiyaye ta inda bai kamata ba ta nuna robar da ta yage. Maigidan gareji ba sai ya sauka ramin ba, daga kan benci yake tambaya, "Kai, na hagun ya sha?" In yaro ya ce, "Oga, ya ƙi sha," an san inda taurin wata mai zuwa zai fito. Ta haka kowace gaɓa ta ƙafar gaba take samun ido da yatsa a kanta sau da dama a shekara. Babu wanda ya zauna ya tsara hakan, girisin ne ya tilasta.

Abin da nake son kafawa shi ne, taurin sitiyari kuka ne kawai, bai ambaci sunan ciwo ba, kuma wurin da ake jin kukan, wato hannun direba, shi ya fi ko'ina nisa da inda ciwon ya fi zama. Tsakanin hannu da kwalta gaɓoɓi ne a jere, kowace tana iya cijewa, kuma ko wacce ce ta cije abu ɗaya direba zai ji. Gadon da tsofaffin makanikai suka bari, wanda ya fi famfon giris daraja nesa ba kusa ba, shi ne tsarin raba wannan jeri gida-gida har a ware mai laifi, ana farawa daga abin da ba ya cin kuɗi. Shi ya sa baki ke riga sifana aiki. Tun yaushe? A hankali ya zo ko rana ɗaya? Ka daki rami? Hagu da dama duka, ko ɓangare guda? Da safe kawai, ko wuni zubur? In ka gama shan kwana sitiyarin yana komawa tsakiya da kansa? An canza taya kwanan nan? Kowace amsa tana rage waɗanda ake zargi. Taurin da ya taru cikin watanni ya fi kama da bushewar gaɓa, wanda ya biyo bayan dukan rami kuma yana nuni ga ƙarfen da ya lanƙwashe ko saitin ƙafa da ya goce. Sai taya. Tayar gaba da iskarta ta ragu tana bajewa a ƙasa, fatar da ke gogar kwalta ta ƙaru, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa sitiyari nauyi, musamman wajen fakin. Haka ma in an cire tayoyin da kamfani ya tsara an sa masu faɗi don ado. Gejin mai faci ya sha warware abin da aka yi niyyar kwance rabin mota dominsa. Akwai ma abin da ke ruɗar sabon direba: akori-kurar da aka lafta wa kaya har ya zarce ƙafar baya gabanta ɗagawa yake yi, sitiyari ya yi sakayau, mutum ya saba da hakan, sai ranar da ya tuƙa ta fanko ya ce ta yi tauri, alhali ranar ce tayoyin gaba suka kama ƙasa yadda ya kamata.

In taya ta fita daga zargi, sai jak. A ɗaga gaban mota har tayoyin biyu su bar ƙasa, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, inji a kashe, a murɗa sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu nauyin mota, babu gogar ƙasa, don haka ya kamata ya juya da hannu ɗaya, nauyinsa iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In har yanzu yana cijewa, an tabbatar ke nan ƙarfe ne ke riƙe da ƙarfe a wani wuri, zancen mai ko famfo kuma sai ya jira. Daga nan a raba jerin biyu: a kwance kan tayarod daga kowace ƙafa, a kama taya da hannu biyu a karkata ta ciki da waje. Ƙafa mai lafiya lilo take yi ba gardama. Wadda sai an sa mata gwiwa, a jikinta matsalar take, ko dai boljoyin ya bushe, ko boris ɗin da ke saman shokozoba a irin su 404 da 504, wanda ƙafar duka ke juyawa a kansa. Shi wannan yakan tona kansa da ƙarar sifirin yana zillo idan ana murɗawa a tsaye. A tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, irin mai miƙaƙƙen aksul a gaba da aka yi ta ƙerawa har 1997, boris biyu ne sama da ƙasa ke riƙe da kowace ƙafa, kuma ruwa da yashi in sun samu hanya ta bayan ƙafar sukan cinye su. In kuwa ƙafafun biyu sun yi lilo amma sitiyarin bai saki ba, to laifin ya hau sama. A motocin da ke da akwatin sitiyari maimakon rak akwai wani hannu a ɗaya gefen shasi da ke tallafe da doguwar sandar tsakiya. Ba shi da wani aiki sai lilo, kuma saboda haka ne ake mantawa da shi har ya daskare. Bayan shi sai akwatin ko rak ɗin kansa. Sai kuma 'yar gaɓa mai siffar gicciye a sandar da ta sauko daga sitiyari, wadda a motoci da yawa take waje inda ruwan wanki da laka ke samunta. Alamarta ba ta ɓuya: tauri ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, duk a cikin zagaye guda na sitiyari.

Gwajin jak yana da makafinsa, kuma wanda ya ƙware ya san shi. Boljoyin da ke ɗauke da nauyin mota yana iya sakewa da zarar an ɗaga ta, ya koma cijewa da an sauke. Don haka sitiyarin da ya yi sauƙi a sama bai wanke ƙafa gaba ɗaya ba, sai an haɗa da abin da direba ya faɗa tun farko. An ƙera ƙafar gaba da 'yar jingina baya, jinginar ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, kuma motar da sai an dawo da ita da hannu tana da gaɓar da ke riƙewa, ko jak ya yarda ko bai yarda ba. In jinginar ta yi yawa, saboda wani ƙarfe ya lanƙwashe ko an yi saiti da ka, sitiyari yakan yi nauyi ko da kowace gaɓa tana da lafiya. Wani lokacin ma ba gyara ake buƙata ba: direban da ya fito daga yashi ya hau kwalta bai cire giyar jan ƙafa huɗu ba zai ji mota tana turjewa a kowace ƙaramar kwana, tayoyi na ƙugi, domin gaba da baya an ɗaure su su yi gudu ɗaya alhali kwana tana son na gaba su fi.

Sitiyari mai fawa ya daɗe a duniya kafin ya zama ruwan dare a nan. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya gwada shi tun 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da shi a motar fasinja a 1951. Mu ya cika mana hanya ne bayan 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabuwar Peugeot ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali, motocin Kwatano suka kwararo. Aikinsa mai sauƙin faɗi ne: inji ya ja famfo da bel, famfo ya matsa mai, wani bawul a bakin akwati ko rak ya karkata man zuwa ɓangaren da direba ya nufa, man ya tura fistin. Matsin yakan kai kilo 70 zuwa 100 a kan kowane murabba'in santimita idan sitiyari ya kai ƙarshe. Duk wanda ya raina wannan ci gaba bai taɓa juya akori-kura mai injin dizal a lungun kasuwa ranar cinta ba. Dattijon da kafaɗa ta fara ba shi matsala ya ci gaba da neman abincinsa. Mace da saurayi marar ƙiba sun tuƙa abin da a da sai ƙato. Dukan rami ya daina isowa yatsa da ƙarfinsa, gajiyar doguwar tafiya ta ragu, gajiya kuwa tana cikin abubuwan da ke kifar da mota. Ba na jin akwai direban da ya san duka biyun da zai zaɓi komawa.

Sai dai sauƙin ya zo da farashin da ba a rubuta a rasit ba. Bawul ɗin nan yana aiki ne da wata siririyar sandar ƙarfe da ke ɗan murɗewa gwargwadon turjiyar da ƙafa ta yi. In turjiyar ta ƙaru, sandar ta ƙara murɗewa, bawul ya ƙara tura mai, matsi ya hau. Ma'ana, an ƙera na'urar ne musamman don ta shanye duk wani ƙarin nauyi kafin ya iso hannu, kuma ba ta bambance nauyin kaya da nauyin tsatsa. Boljoyin da ya bushe, wanda direban 404 zai ji shi a makon farko, a mota mai fawa yana iya yin watanni famfo na rufa masa asiri. A duk tsawon lokacin famfon yana aiki da matsin da ya fi na kullum, mai yana zafi, robobin ciki suna ƙandarewa, bel yana santsi. Ranar da tauri ya iso hannun direba, sau da yawa famfon ya gaji da gaske, kuma makaniken da ya ce famfo ne bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. A sa wani, sitiyari ya yi laushi, kowa ya yi murna, kafin damina ta zagayo a dawo da kuka iri ɗaya, a ɗora laifin a kan mai kayan gyara. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi muni, gaɓar da ke cijewa ba ta tsayawa a cijewa. Wuyan boljoyin da ake murɗawa da ƙarfin mai kullum yana iya karyewa ko ya fice daga gurbinsa, kuma sakamakon shi ne abin da kowa ya saba gani a gefen titi: mota ta durƙusa, tayar gaba ɗaya ta kwanta a ƙarƙashinta.

Kada a ɗauka ina cewa tsohon ilimi ya wadatar. Fawa ya zo da nasa alamomin, kuma dattijon da ya tsaya a kan jak da tayarod kaɗai shi ma zai ɓata. Mai lafiyayye a irin su Hilux ja ne garau, man giyar otomatik ne Toyota ta ce a zuba. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, ya sha zafi. In yana kumfa, iska ce ke shiga, galibi ta tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo, kuma famfon da ke haɗiyar iska kuka yake yi mai tashi da sauka tare da totur. Ƙara mai kaifi daidai lokacin da sitiyari ya kai ƙarshe ta bel ce, ya saki ko ya yi santsi. Sitiyarin da ke tauri a silo ya saki in an taka totur yana zargin famfo, ko bel, ko ɗan bawul ɗin da ke cikin famfon wanda datti kan maƙale. Wanda ke tauri da sanyin safiya, musamman cikin hunturu, ya warware in mota ta ɗumama, yakan nuna cewa gurbin bawul na rak ya zaizaye, mai yana zillewa har sai zafi ya kumbura robobin. Wanda ke tauri a ɓangare ɗaya kawai ya wanke famfo, tun da famfo bai san hagu da dama ba. A gindin tankin man kuma motoci da yawa suna da 'yar rariya da ke toshewa ta hana famfo sha, a yi ta canza famfo alhali wanke tanki ne maganin. Duk waɗannan ana gane su da ido da kunne da hanci, bonet a buɗe, ba a kwance noti ko ɗaya ba. Tsarin dai shi ne na da, jerin ne ya ƙara tsawo.

Za a ce gaɓoɓin zamani da aka rufe da girisinsu tun daga kamfani sun fi na da, kuma akwai gaskiya a ciki. Girisin da ke ciki mai kyau ne, ba ya haɗuwa da ƙura, ba ya jiran direba ya tuna. A zamanin famfon giris kuwa motoci nawa ne aka manta da su har gaɓoɓinsu suka ci kansu, yara nawa ne suka tura yashi ciki saboda ba su goge kan ba, suka kuma fasa roba da yawan matsawa? Duk an yi. Amma rufaffiyar gaɓa rayuwarta duka tana rataye ne a kan 'yar robar da ke lulluɓe da ita, kuma robar nan ce zafin watan Afrilu ke tsagawa, ƙaya da kara ke sokewa a hanyar gona, mai wankin mota ke hura wa ruwa da famfo mai ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da robar ta yage, gaɓar da aka ce ba ta buƙatar kulawa ta fi tsohuwa saurin mutuwa, domin tsohuwar ana iya koro mata ruwa da datti da sabon giris, ita kuwa babu ta inda za a yi. Abin da take buƙata shi ne a riƙa leƙa ta, kuma dalilin leƙawar ne ya tafi tare da famfon giris. Mota tana iya shekara ana canza mata baƙin mai ba wanda ya haska fitila a ƙafarta.

Wani kuma zai ce in haka ne a mayar da komai hannun dattawa, da tsohuwar zuma ake magani. A nan ma sai an yi tankaɗe, domin cikin abin da aka gada akwai wanda ya kamata a bari a baya. A saman akwatin sitiyari akwai wani noti na saiti, kuma an daɗe ana ɗaure shi tamau don a kashe wasan sitiyari, alhali wasan sau da yawa a tayarod yake. Sakamakon shi ne sitiyari mai cijewa a tsakiya, daidai inda ake buƙatar ya saurari ɗan motsin hannu a kan babbar hanya, kuma wani kaso na taurin da ake kawowa gareji a gareji aka ƙera shi. Akwai zuba man birki a tankin fawa don an ga duka ruwa ne, shi kuwa ba jinsinsu ɗaya ba, kumbura robobin ciki yake yi ya lalata su. Akwai riƙe sitiyari a ƙarshe ana ta matsawa famfo na kuka, mai na dahuwa. Akwai kuma cire bel ɗin famfo gaba ɗaya a ce ai da can ma haka ake tuƙi. Wannan kuskure ne mai haɗari. Motar da aka ƙera da fawa sitiyarinta ƙarami ne, zagayensa kaɗan, tayoyinta masu faɗi, jinginar ƙafarta ta fi yawa, ga mai da hannu zai riƙa turawa ta cikin tiyo. Ta fi 404 nauyi sosai, kuma ranar da yaro ya faɗo titi babu damtsen da zai kauce da ita a kan lokaci.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta aljihu. Makanike ba a biyansa kuɗin ganewa, kuɗin kwancewa da ɗaurawa ake ba shi, wani lokacin da ɗan abin da ya samu a kan kayan da ya sayo. Rabin awar da zai yi da jak da tambayoyi, in ta ƙare a kan cewa iska ce ta ragu a taya, ta tashi a tutar babu, direba ya ce masa "Allah ya saka" ya ja motarsa. Shi ma direban lodi na jiransa a tasha, mai mota na jiran balas, ya fi son a ambaci abu ɗaya a canza. Ga tsofaffin famfuna na Kwatano jibge a Ƙofar Ruwa da sauran kasuwannin kayan gyara, ana samunsu cikin awa guda. A irin wannan ciniki canke ya fi bincike riba ga kowa a ranar, kuma ba na ganin adalci ne a zargi yaran yau da lalaci a kan abin da kasuwa ta koya musu. Amma lissafin rana ɗaya ne. Famfon da aka ciro daga wata mota ba wanda ya san tafiyar da ya yi, an kuma ɗora shi a kan ƙafar da ta kashe na farko. Mai motar da ya biya famfo biyu da boljoyin a ƙarshe ya biya ninkin abin da zai kashe da ya ware wani abu tun farko ya ce, "Malam, ga wannan na dubawa ne, ko ba a canza komai ba." Masu gyaran lantarkin mota sun riga sun kafa wannan al'ada, ana biyansu kuɗin sa kwamfuta ko da ba ta nuna komai ba, kuma ba a jin kowa na gardama. Dalilin da zai sa jak da hannu mai gwaninta su zama kyauta, na'ura mai allo kuma ta kuɗi, ni ban gan shi ba.

Sitiyari mai fawa na lantarki ma yana tafe. Suzuki ta fara sa shi a wata ƙaramar mota a 1988, yanzu ya mamaye ƙananan motoci ya fara shiga akori-kura. Babu mai, babu bel, babu famfo, sai ɗan injin lantarki da na'urar da ke auna ƙarfin hannu. A irinsa abin da ake fara dubawa shi ne batir da caji. Kwamfuta tana iya cewa injin lantarkin ya yi zafi ko ya ja wuta fiye da ƙima, amma ba ta san boljoyin ba, don haka wanda ya karanta allon sai ya koma ƙarƙashin mota.

Mafi yawan akori-kuran da ke kai kaya kasuwannin ƙauye a yau masu fawa na mai ne, kuma akwai kayan aiki guda da irin wannan sitiyari yake nema wanda da wuya a same shi a gareji: gejin auna matsin mai, mai ɗan famfon rufewa a jikinsa. Ana ɗaura shi ne tsakanin famfo da akwati ko rak. A bar inji a silo har mai ya ɗumama, a rufe ɗan famfon na daƙiƙa kaɗan, kada a wuce 10, a karanta. In allura ta kai abin da littafin motar ya faɗa, famfo lafiyarsa ƙalau, ko mene ne kukan da yake yi. In ba ta kai ba, shi ne. Sai a buɗe, a murɗa sitiyari ƙarshen hagu a karanta, a murɗa ƙarshen dama a karanta. In matsin ya gaza na lokacin da aka rufe, mai yana zillewa ne a cikin akwati ko rak, kuma sabon famfo ba zai hana shi ba. In kuwa allura ta tashi sama alhali ba wanda ya taɓa sitiyari, to akwai tiyon da ya toshe ko bawul da ya maƙale. Geji da famfon rufewa masu jure wannan matsi ana samunsu a wajen masu sayar da kayan tarakta da manyan injuna, bakunan haɗawa kuma ba su fi ƙarfin masu injin sassaƙa ƙarfe na kasuwar Panteka ba. Gareji uku ko huɗu da ke layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su mallaki guda.